Katakon Bakin Ƙofa

Da tsakar rana taraktar Pentti maƙwabcinsu ta shigo gidan, ga Baba Eino zaune a gefe an lulluɓe shi da bargo, ba takalmi, safarsa ta jiƙe sharkaf. Aulis na faskare a bayan gida. Yana hango su ya ajiye gatarin ya taho da sauri.

"A bakin tafki na tsinto shi," in ji Pentti. "Wai zai je duba komarsa. Ƙanƙarar da ta rufe tafkin nan kuwa yanzu ko kare ba za ta ɗauka ba. Ku kuna ina, barci?"

Sirkka, matar Aulis, ta fito a guje da kwaɓin burodi a hannu. Baba Eino mahaifinta ne, shi ya gina gidan nan da gungumen itace tun yana ji da ƙarfi. Yanzu mantuwa ta ci ƙarfinsa, ko sunan 'ya'yansa sai ya lalubo. Tun bara Marjatta, yayar Sirkka, ta gama magana: ranar da ya sake ficewa ba wanda ya sani, sai gidan kula da tsofaffi na cikin gari. Sirkka kuwa ta rantse ba mai raba shi da gidansa.

Ta zaunar da shi kusa da murhu, ta cire safar, tana murza masa ƙafa.

"Ban ji fitarsa ba," ta ce. "Kullum ina ji. Yau ban ji komai ba."

Ta miƙe ta nufi ƙofa, ta taka katakon daɓen bakin zaure, wanda kullum in an taka yake ƙara kamar tsohuwar akuya. Shiru. Ta sake takawa, sannan ta juyo.

"Aulis."

"Jiya na gyara shi, da kika kai Baba asibiti," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Abokan aikina za su zo wankan tururi a ɗakin sauna ranar Asabar. Wancan karon sai da suka yi ta tsokanata, wai gidana yana waƙa."

"Gidanka?"

Kai, da ƙasa za ta tsage da ya shige! Ba wai bai sani ba ne. Ta faɗa masa ya fi a ƙirga cewa ƙarar nan ita ce kunnenta in tana kicin, shi kuwa yana danna waya yana cewa to, to. Jiya har rarrafe ya yi a ƙarƙashin gida, ya cusa 'yan itatuwa da gam tsakanin katakon da ginshiƙi, ya ɗaure shi tam da sukurori, yana fito yana jin kansa gwani. Garin neman gira ke nan.

Pentti ya sosa ƙeya, ya ce ya bar shanu ba abinci, ya sulale.

Aulis ya ɗauko sukundireba ya durƙusa. Ya kwance sukurorin ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe ya hau katakon da dukan nauyinsa. Ko ƙis. Gam ya riga ya kama. Ya yi tsalle a kai, ya buga da diddige, ƙato da shi, gumi na zubo masa a wuya.

"Zan saka ƙararrawa a ƙofar," ya ce. "Yau ɗin nan, Sirkka, kafin a rufe shago."

Ta wanke hannu, ta ɗauki wayarta ta shige ɗaki, ta bar ƙofar a buɗe.

Baba Eino ya taso a hankali da bargonsa, ya zo ya taka katakon da ƙafa ɗaya, ya karkata kai yana saurare. Sai fuskarsa ta washe.

"Wa ya yi aikin nan?"

"Ni ne, Baba."

"Shekara da shekaru ina cewa zan gyara shi." Ya dafa kafaɗar Aulis. "Ɗan nan, hannunka na da kyau. Wa ya koya maka?"

Daga ɗaki muryar Sirkka ta fito, ba kuka, ba faɗa.

"Marjatta, ni ce. Gidan da kika ce, har yanzu suna da wuri?"