Zagaye Na Bakwai

"Saura nawa, 'yata?"

"Uku, Baba. Ka yi bakwai."

"Agogon nan naki gudu yake. Shekara arba'in ina gyaran agogo, da kunne nake gane maƙaryaci."

Ma'aikaciyar binciken ta yi murmushin da bai kai ido ba. "Wannan ba ya ƙara, Baba."

Doguwar barandar asibiti ce, an ja jan layi a kowane ƙarshe. Wanda ya zagaya sau goma cikin minti goma sha biyar, bai zauna ba, shi ake ɗauka a shirin: shekara biyu ana koya wa tsofaffi motsa jiki, a ga ko ƙafa za ta daɗe tana ɗaukar mai ita. Matar tsohon mai agogon ta gama nata zagayen tun ɗazu. Tana kan benci rungume da takalmansa, don ya ce nauyi suke masa.

Wata huɗu ke nan da babban ɗansu ya kawo keken guragu ya jingine a bayan ƙofa. Mai agogo ya rantse ba zai hau ba. Ya ce a bari masu bincike su gwada shi, su ne za su raba gardama.

"Malam, ɗaga ƙafa mana," in ji matar. "Da kana zuwa zance gidanmu ba haka kake tafiya ba."

"Lokacin karen babanki ne ke bina, yarinya."

Ya yi taku huɗu. A na biyar gwiwar hagu ta yi rawa kamar allurar agogon da batirinsa ya kusa ƙarewa, tana motsi ba ta ci gaba. Ya dafa bango. Bangon ya yi sanyi, ya yi santsi, bai riƙe shi ba. A hankali ya sulale ya zauna a ƙasa, wannan mutum da ya taɓa hawa bene da matarsa a hannunsa yana dariya.

Ma'aikaciyar ta danna agogon.

"Ki sake masa," matar ta ce. "Bai karya da kirki ba yau."

"Mama, binciken na rigakafi ne. Waɗanda abin bai riga ya..."

"To ki goge sunana. Tare muka zo."

Mai agogo ya daɗe yana kallon ƙafafun matarsa, ƙanana, busassu, har yanzu masu biyayya. Ya ga ranar da za su zauna su biyu a ɗaki ɗaya, kowa na jiran wani ya miƙo masa ruwa.

"Kar ki goge komai, 'yata," ya ce. Ya miƙa hannu matar ta ba shi takalmansa, ya dube ta. "Ke za ki riƙa zuwa. Ki kira babban yaron, ki ce ya kawo keken. Yau a cikinsa zan koma gida."