Injin Dunƙule na Haruna Mai Walda

Ranar da malamin asibiti ya haska idanun Inna Fanna da 'yar tocila, bai yi dogon turanci ba. Ya dubi ɗanta ya ce, "In ba a raba tsohuwar nan da hayaƙi ba, nan gaba da sanda za ka riƙa jan ta." Haruna Mai Walda ya ce to, ya goya ta a babur ya mai da ita Guri, yana tafe yana saƙa da warwara.

Raba Inna da hayaƙi kuwa ba wasan yara ba ne. Tun da kogi ya daina malala fadama yadda ya saba, itatuwa suka bushe, masu gatari suka ƙarasa sauran. Abin da ya rage wa matan Guri sai kashin shanu da kara, kananzir kuwa ya zama na masu albashi. Haruna ya roƙe ta ta dawo Haɗeja matarsa Saude ta riƙa dafa mata. Ta ce wa zai kula da awakinta, kuma ita ba ta mutu ba tukuna balle a riƙa miƙo mata kwano ta bakin ƙofa.

Shi Haruna, a ganin kansa, injiniya ne wanda ƙaddara ta ajiye a rumfar walda. Mutanen gari ba su cika yarda da wannan fatawa ba. Sun tuna injin sussukar da ya taɓa ƙerawa, wanda ya watsa geron wani bawan Allah har gida na uku, kaji suka yi kwana da kwanaki suna sa masa albarka. Mutum ɗaya ne ke kiransa Injiniya ba tare da dariya ba, shi ne Malam Bitrus, mutumin Filato, mai koyar da aikin katako a makarantar sana'a, wanda kekensa ba ya wata bai karye ba.

Wani yammaci, a shekarar da aka yanke Jigawa daga Kano, suna zaune a bencin rumfa Haruna na ta koka lamarin idon Inna. Malam Bitrus ya nuna tsibin buntun shinkafa da ke bayan injin casa, tuli guda kamar juji, iska na kwasa tana zuba wa mutane a ido.

"Injiniya, ga itace can kana kallo. A kwalejin da na yi an taɓa nuna mana injin da ke matse irin wannan ya zama dunƙule, a dafa abinci da shi. Sai dai kuɗinsa ya sayi gida."

"Malam, na Bature ke nan," in ji Haruna, ya gyara zama. "Nawa ba zai fi kuɗin akuya ba."

Tun daga ranar masu kawo garma da ƙofa gyara suka shiga uku, kullum sai a ce su dawo jibi. Ya bi 'yan gwangwan ya samo jak ɗin ɗaga mota na wata tsohuwar akori-kura, da guntayen bututun famfo, da farantin ƙarfe mai kauri. Ya jera bututan a tsaye, ya yi musu murfi, ya sa jak a ƙasa yana tunkuɗo buntun sama. Da ya gama sai ya shafa masa koren fenti tun bai gwada ba, don a cewarsa inji ma yana son sutura.

Gwajin farko dunƙulen ya fito sumul, Haruna ya ɗaga shi sama yana kabbara, ya rugurguje masa a fuska. Buntu ba ya riƙe ɗan'uwansa sai da abin haɗi. Ya gwada yumɓu, aka samu tubali mai kyau wanda wuta ta ce ba da ita ba. Ya gwada kashin shanu, Saude ta fito daga madafa tana tari, ta ce in wannan ne maganin ido to gara ciwon. Ya gwada ƙaro, abin ya yi, amma da ya ga tsadarsa a kasuwa sai ya gane ko attajiri ba zai dafa shayi da shi ba. Ana cikin haka wata rana murfi ya ɓalle, dunƙule ya tashi sama kamar an harba shi da gwafa ya sauka a kwanon mai kunun zaƙi. Haruna ya biya kunu, ya sha ba'a kyauta.

Laraba, matar Malam Bitrus, ita ta raba gardama ba da niyya ba. Ta zo kiran mijinta cin abinci ta tarar da manyan mutane biyu sun tsuguna gaban tulin ƙura kamar masu zaman makoki. Ta ce ita dai da kokon garin rogo take sa rigunan Malam su tsaya ƙyam, in ya riƙe yadi me zai hana shi riƙe buntu.

Ya riƙe kuwa. Mudu ɗaya na garin rogo, a dama shi ruwa-ruwa, ya ishi buhu guda. Dunƙulen ya bushe a rana ya yi tauri, ya kama wuta ja wur a ɗan murhun da Haruna ya ƙera masa, hayaƙin bai taka kara ya karya ba. Saude ta dafa wake da shi har ya yi luguf. A ranar Haruna bai taka ƙasa ba. Har ya fara tsara irin amsar da zai ba 'yan rediyo in sun zo daga Dutse, da hular da zai sa.

Ya ɗaure buhu biyu da murhu a bayan babur sai Guri. Bai tsaya a Inna kaɗai ba, sai da ya sa aka kira matan unguwa. Ya hura wuta a tsakar gida, ya ɗora tukunya, ya yi jawabi kan ci gaban zamani. Mata suka yi ta salati. Inna Fanna, da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, ta ce, "Mai Walda, Allah ya yi albarka." Ya koma Haɗeja zuciyarsa fari ƙal, yana jin ya ceci idon uwarsa da hannunsa.

Bayan 'yan makonni ya sake ɗauro buhu. Tun daga bakin lungu ya hango hayaƙi na tashi ta saman danga, irin mai kaurin nan na kashin shanu. Ya shiga ya tarar da ita durƙushe gaban duwatsun murhunta na da, tana fifita wuta da faifai, hawaye na bin kumatunta. Sabon murhun yana gefe an kife shi, kaza ta hau kai. Can a turke kuwa awaki uku sun kewaye akushi suna gurgurar dunƙulensa, sun yi ɓul-ɓul har gashinsu na sheƙi.

"Inna! Me zan gani haka?"

"Maraba, Mai Walda. Ka gan su? Tun da nake kiwo ban taɓa samun abin da ya karɓe su irin wannan ba."

Ashe bayan tafiyarsa wata akuya ta ja ɗaya ta cinye. Inna ta yi mamaki, ta ɓantari wani ta sa a baki. Injin casar Haɗeja dama ba ya raba buntu da dusa, ga kuma ɗanɗanon rogo a kai. Nan take ta janye wanda ke wuta ta yayyafa masa ruwa.

"Abinci ka kawo mini in ƙona," ta ce. "Ni ban gaji haka ba."

"Wane irin abinci, Inna? Shara ce fa! Garin rogon mudu ɗaya ne tak a buhu guda."

Ta ajiye faifan. "Mudu ɗaya ne tak?"

"Wallahi tak."

"Shekarar babban fari, kana wajen koyon aiki a Kano, na zaga Guri da ƙwarya ina neman rabin wannan mudun. Ban samu ba. Ƙaninka Bunu a bayana yake, a bayana kuma ya cika." Ta share ido da gefen zane. "Ka ce in sa mudu guda a wuta in zauna ina kallo? Idon da zai kalli wannan gara ya rufe."

Duk jawabin da Haruna ya tanada na 'yan rediyo babu jimla ɗaya da ta dace da tsakar gidan nan. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, da wata dariya mai ɗaci. Ya auna bututu, ya auna buntu, ya auna zafin wuta, uwar da ta haife shi ce kaɗai bai auna ba. Wata da watanni yana hana mutane garmarsu, ashe injin abincin awaki yake ƙerawa, kuma shi ne abu na farko da ya taɓa ƙerawa ya yi aiki yadda ya kamata.

"Zan nemo wani abin haɗin," ya ce a sanyaye. "Wanda ko akuya ba za ta kalla ba."

"Allah ya taimaka. Amma wannan ɗin kada ka daina. In da hali ka ɗan ƙara kanwa, sun fi so."

Ya ɗauki faifan daga gabanta, ya durƙusa ya shiga fifita kashin shanun, hayaƙi na cika masa ido. Ta zuba masa ruwa a moɗa, ta miƙo hannu tana murmushi, tana cewa ya sha ya huta. Sai dai turmin da ke gefensa take miƙa wa. Haruna ya matsa a hankali ya tsaya inda take kallo, ya karɓa da hannu biyu.