Sunan da Ke Saman Facin

"Gyara ɗaya, faci ɗaya, Injiniya," in ji Siriri, yana jingine da filo. "Kai kuwa sai ka ɗaure komai wuri guda ka tura, kamar kayan ƙaura."

Injiniya ya yi murmushin da bai kai ciki ba. Katanga ce kawai tsakanin ɗakunansu, aji ɗaya suka yi, kuma manhaja ɗaya suke wa aiki kyauta, wadda ƙananan asibitoci ke tsara layin marasa lafiya da ita. Kowa na iya rubuta gyara, wato faci, ya aika wa masu dubawa. Na Siriri da godiya ake karɓa. Na Injiniya kullum da tambayoyi yake dawowa.

Yanzu ciwon ƙoda ya kumbura yatsun Siriri, ba sa iya bin maɓallan kwamfuta.

"Akwai wanda na fara, na kwanan wata. Ƙarasa mini, don Allah," in ji Siriri.

Mahaifiyarsa ta shigo da ruwan ɗumi. "Ku da facin nan naku! Ai mai gyaran taya ya fi ku hutawa."

Bai kai ƙarshen mako ba ya rasu.

Da aka watse daga zaman makoki, Injiniya ya buɗe aikin. Ƴan layuka kawai marigayin ya rubuta. Shi ya rubuta sauran, ya gwada, ya sake gwadawa, ya hana kansa ƙara ko da gyara guda. A ƙa'ida, sunan wanda ya fara ke zama a sama, wanda ya ƙarasa ya sa hannu a ƙasa. Amma wa ya sani? Ya rubuta sunansa a sama, ya daɗe yana kallon yadda ya dace da wurin.

Ta bayan katanga ya ji ana jan gadon Siriri, ana share ƙarƙashinsa. Ya goge sunansa, ya mayar da sunan mai shi, ya aika.

Kafin yamma aka karɓa, ba tambaya ko ɗaya. "Aiki mai tsabta, kamar kullum," aka rubuta wa Siriri. Injiniya ya duba jerin facin da ke jira. Nasa facin na can yana jira tun watan jiya.

Ya leƙa maƙwabta. "Mama, an karɓi aikinsa."

"Ai shi ba a taɓa mayar masa ba," ta ce, ta ci gaba da naɗe zanen gado.

A kan teburin, kusa da kwalaben magani, wayar Siriri ta haska da saƙon godiya, sannan ta yi duhu.