Lissafin Aure a Kan Yashi

Shu'aibu, malamin lissafi a wata lise, wato makarantar sakandare, a Garwa ta Kamaru, ba ya tsoron sufeton makarantu, amma ranar da kakarsa Mama ta ja shi zauren Malam Adamu, wallahi ya ji tsoro.

Gidansu ba a kai goron aure sai an yi hisabi. Haka kakanninsu suka zo da shi daga Kano. Malam zai fitar da adadin sunan namiji da na mace, ya ninka ɗaya da ɗaya, ya yi ta zubar da tara-tara. In wani abu ya rage, akwai rabo. In babu, a haƙura.

An taɓa yi wa Shu'aibu da Hindu, 'yar maƙwabtansu, bai ma je ba, saƙo kawai ya samu cewa ba abin da ya rage. Unguwa ta ɗauka yarinya mai farar ƙafa ce, har yau ba wanda ya sake yi mata sallama. Yanzu ga Kaltumi, nas a garin Mayo-Oulo, wadda ta ce masa a fili ba za ta yi ta jira ba.

Malam ya baje yashi a faifai, ya rubuta na Kaltumi 571, na Shu'aibu 432. Ya ninka a tsanake, lamba ta miƙe zungureriya: 246672.

Shu'aibu bai kalli doguwar ba. Tasa ya ƙura wa ido. Huɗu da uku da biyu, tara. Abin da yake koya wa yara kullum da alli! Lambar da tara ke rabawa, ko da me ka ninka ta, tara za ta raba sakamakon tas. A kawo matan Garwa kaf, har na tsallaken kogin Binuwai, ba abin da zai rage. In ya yi shiru, Kaltumi ta tafi. In ya yi magana, ya ƙaryata malami a gaban tsohuwar da ta goya shi.

"Allah gafarta Malam, kada ka wahala," in ji shi. "Babu saura. Ba daga ita ba ne, daga ni ne."

Ya roƙa a gwada da sunan kowace mace. Malam ya ɓata rai, amma mutum ne mai gaskiya, ya gwada da na matarsa Aminatu, ya gwada da na Mama kanta. Fayau, ba ko ɗaya.

Mama ta daɗe tana kallon faifan. Ita ce fa ta fara faɗin maganar farar ƙafa a gidan suna, kowa ya sani. Ta miƙa hannu ta shafe yashin.

"Gobe a kai goro Mayo-Oulo," ta ce. Ta laluba sandarta, idonta ya cika. "Amma tashi ka fara raka ni gidan su Hindu."