Tsagar Barmo

Lurwanu bai san fuskar ubansa ba. Yana goye Barmo ya tafi ci-rani kurmi, da shekara ta juyo sai labari ya dawo Tajaye babu mutum: zazzaɓi ya kwantar da shi a wani gari na bakin teku, can aka rufe shi. Abin da abokan tafiya suka kawo wa matarsa Kande bai wuce rigarsa da katin shaidarsa ba. Hoton da ke jikin katin ko babban yatsa bai kai ba, ga shi gumi ya ci shi, ninki ya karya shi, duk ya yi zare-zare. Kande ta ƙulle shi a tsumma ta jefa ƙasan kwalla.

Yaron ya taso da wani irin ƙaiƙayin hannu. Gawayi ba ya kwana a murhu, bangon rumbu ba ya zama fari. Jakin maƙwabta, tsohuwa mai tallan daddawa, har mushen lakwal, malamin makarantar boko, da ƙaton cikinsa, duk sun hau bangon nan, kuma duk wanda ya gani sai ya gane su. Duka kuwa ya sha shi har ya gode Allah. Da kawunsa Abarshi, direban babbar mota a Birnin Konni, ya ga abin ba na bari ba ne, sai ya ɗauke shi ya haɗa shi da masu fentin motoci a tasha. Daga zana zaki da dawisu a bayan gingimari, Allah ya yi masa hanya, dangin Abarshi na Sakkwato suka tsaya masa har ya shiga wata kwaleji a Zariya yana karatun zane.

A can aka karya masa girman kai. Shi da ake yi wa kirari a tashar Konni, sai ga malami ya aje masa tulu ya ce ya zana, ya zana, ya sake zanawa, har zangon karatu ya ƙare yana kan tulu ɗaya. Daga baya ya gane inda haske ke sauka a kan abu da inda inuwa ke taruwa. Ya koyi fensir, ya koyi fentin ruwa, ya koyi na mai, hannunsa ya nutsu. A shekararsa ta uku, alif ɗari tara da casa'in da bakwai, aka kawo kwamfuta sashensu, aka ba ta ɗaki da labule da fanka kamar amarya. Ranar farko ɗan abin nan da ake ja a kan tebur ya ƙi masa biyayya, layi ɗaya ya kasa ja, ya fito yana cewa wannan ba zane ba ne, wasan yara ne. Kafin hutu shi ne mai gyara wa abokai nasu.

A wannan hutun ya tarar da idon Inna Kande ya yi nisa. Yayarsa Saratu ta kai ta asibitin Galmi, likita ya duba ya ce ba yanar ido ba ce balle a kankare, jijiyar idon ce ke mutuwa, sai dai a rage mata gudu da magani. Gefe da gefe duk ya rufe, abin da ya rage mata kamar mai leƙe ta cikin kara ne. Wata safiya ta kira shi, ta kwance tsumman nan ta ɗora masa katin a tafi.

“Auta, an ce ƙarfen nan naku shina girmama hoto. Ka girmama min babanku in gane shi tun da sauran gani. Wanga ya yi min ƙanƙane.”

Bai taɓa jin ta roƙi kowa komai ba. Ya ce to, Inna.

Ya koma Zariya ya shigar da hoton cikin kwamfuta, ya buɗe shi har ya cika gilashi. Wayyo, abin tausayi! Fuskar duk ta tsattsage, layuka sun ratsa ta ko'ina. Ya zauna yana bin su ɗaya bayan ɗaya, yana ɗebo launin fata daga wuri mai lafiya yana cike mai rauni. Tsagar gado ta gidansu ya san ta, yana ganin ta a kumatun baffanninsa, don haka ya bar ta daram, hagu da dama daidai wa daida. Amma akwai wani layi guda, karkatacce, da ya taso daga gindin hanci ya gangaro gefen baki ta dama, ba shi da ɗan'uwa a hagu, kuma yana tafe kafaɗa da kafaɗa da karayar ninki. Wane wanzami ne zai yi wannan aika-aika? Ya share shi. Fuska ta fito sumul, saurayi kyakkyawa mai kama da shi, har malaminsa ya tara ɗalibai ya nuna musu. Lurwanu ya yi kuka a ɓoye, don ranar ya fara ganin ubansa.

Da kaka ya iso Tajaye da hoton a cikin gilas. Kande ta fito tsakar gida inda rana ta fi ƙarfi, ta riƙe shi da hannu biyu tana yawo da kai, tana bin fuskar guntu-guntu: goshi, ido, hanci. Ta tsaya a kumatun dama ta daɗe. Sai ta miƙa masa.

“Wanga ba shi na ba.”

“Inna, shi ne fa. Daga katin na ciro shi.”

“Ina tsagarshi ta nan?” Ta shafa gefen bakinta. “Mi ka yi mishi, Auta? Ba ka san abin da sunan ubanka ka nufi ba?”

Ya sani, bai dai taɓa tsayawa ya yi tunani ba. Barmo, a bar mana wannan. Kakarsa ta binne 'ya'ya a jere kafin ta haifi uban nasa, shi ya sa ranar suna aka ce wanzami ya ɓata masa fuska da gangan, ya ja masa tsaga ba kan gado, ko mutuwa ta gan shi ta raina ta wuce. Da wannan tsagar aka san shi daga Tajaye har kasuwar Illela. Ita ce ke fara motsi in zai yi dariya, in ji Kande, kuma ita ta fara gani ranar da ya tare ta a bakin rijiya.

“Ɗauko alƙalaminka ka sa mishi ita yanzu,” ta ce. “Ba kai ne mai zane ba?”

Nan fa Lurwanu ya yi wauta irin ta wanda hannunsa ya ƙware. Ya dubi takardar nan mai sheƙi, aikin da ya sha yabo, ya ji ba zai iya sa mata tawada ba. Zai yi dabbare, ya ce, ba zai yi kama da fata ba. Ta yi haƙuri ya koma, tsagar na nan a hoton asali cikin kwamfuta, zai maido ta yadda Allah ya yi ta, ba da jimawa ba zai dawo.

Kande ta ce, “To. Allah shi kai mu.”

Ya isa Zariya ya tarar malamai sun shiga yajin aiki, ɗakin kwamfuta da ƙaton kwado. Yau a buɗe, gobe a buɗe, sanyi ya wuce, zafi ya shigo. Da aka buɗe bai ko aje jaka ba ya zauna ya maido tsagar. Kuma wallahi ta yi kyau. Har ɗan tudun da tsohon tabo ke yi ya fito, da inda ta karkace kusa da leɓe. Bai taɓa yin aikin da ya kai wannan ba.

Da ya iso Tajaye, Saratu ce ta tare shi a ƙofar gida. Ta dubi abin da ya rungumo a ƙirji, ta kau da kai.

“Ka makara, Lurwanu. Tun kafin azumi idon ya rufe. Ko rana ba ta gani.”

Ya sami Inna zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, tana ɓarar wake da lalube. Ta gane takunsa, ta yi masa sannu da hanya, ta tambayi karatu, ta tambayi kawunsa. Ba ta tambayi hoto ba. Wannan ya fi masa zafi da a ce ta zage shi. Ya durƙusa ya ce ya kawo, ya gyara, tsagar tana nan.

“Madalla,” ta ce. “Miƙo.”

Ta shafa gilas, sanyi kawai. Ya cire hoton daga ciki ya ba ta takardar, ta bi ta da yatsu daga sama har ƙasa. Sumul, babu hanci, babu baki, babu komai. Ta riƙe ta dai a cinya don kada ya ji kunya.

Lurwanu ya tashi ya shiga ɗakin Saratu ya ce ta ba shi sabuwar reza. Ya dawo ya shimfiɗa hoton a bayan faifai, ya ɗora bakin rezar a gindin hancin ubansa. Ya yi bisimilla ya ja, a hankali, yana bin karkatar, har gefen baki. Takardar ta buɗe, bakinta ya ɗan tashi. Ya kama yatsan Inna ya ɗora a kai.

Ta bi ta sau ɗaya. Ta koma sama ta sake biyowa, ta tsaya daidai inda ta karkace.

“Barmo,” ta ce.

Saratu da ke tsaye ta toshe baki da gefen zane. Tun da aka haife su ba su taɓa jin sunan nan a bakin uwarsu ba. Kande ba ta ɗaga yatsan ba, ta ce su tafi su ci abinci, ita tana nan tukuna.