Tattabarun Kawu Ko

"A hankali da wannan! Ba kazar miya kike cusawa a kwando ba!"

Muryar Kawu Ko ce daga tsakar gida. A-Chuan tana saman rufi, tattabara a hannu, kashin tsuntsu har gwiwar wandonta. Likita ya ce huhun tsohon ya gama aiki, amma bakin nan nasa ko gezau. An fito da shi a kujerar gora, an lulluɓe shi da bargo, ya ɗaga kai yana kallon yadda ake kwashe abin da ya ƙare rayuwarsa a kai.

"Kawu, in ka fi ni iyawa, ga tsani nan."

"Ji marar kunya. Ni na share miki majina kina yarinya, yau ke ce mai korar tsuntsayena."

Katanga ɗaya ce tsakanin gidan A-Chuan da na Kawu, kuma ita ce mai kula da lafiyar titin jirgi a ɗan filin jirgin tsibirinsu. Tun da guguwar bazara ta ɓarke titin ta karya fitilu aka rufe filin. An yi wata da watanni ana gyara, amma kamfanin jirgi ya ce ba zai dawo ba sai mutuminsa ya duba komai da idonsa. Ana cikin haka iskar hunturu ta taso, jirgin ruwa ya daina zuwa, ciwon Kawu kuma ya tsananta. A-Hun, 'yarsa tilo da ke aure a birni can ƙetaren ruwa, ta haɗa jakarta tana jira. Kowa a unguwar ya sani, in ba jirgin sama ya sauka ba, ba za ta ga ubanta da rai ba.

Tattabarun su ne matsalar. Da can akwai shiri tsakaninta da Kawu, sai jirgin ƙarshe ya tashi Kawu yake sakinsu. Da aka rufe filin ya dinga sakinsu safe da yamma, har suka saba da shawagi daidai inda jirgi yake sauke ƙafa. Guda ɗaya ta faɗa injin jirgi ta isa ta jawo makoki a gidaje da yawa. Shi ya sa aka shirya kai su gidan ƙanin matarsa, can bayan dutse, a ƙarshen tsibirin.

"Ki ce da surukin nan nawa ya rufe ƙofa da kyau," in ji Kawu, ana ɗora kwandunan a bayan mota. "Shi da ko bakinsa bai iya rufewa ba."

Ranar dubawa iska ta kwana tana kaɗawa. Injiniya Tu, mutumin kamfanin, ya zo ne a jirgin ruwa na ƙarshe ya maƙale, ya ci busasshen kifi har ya fita ransa, ba abin da yake so irin ya koma gida. Shi da A-Chuan suka taka titin da ƙafa daga farko zuwa ƙarshe, idonsu a ƙasa, suna neman tsakuwa ko ƙusa. Suka girgiza shinge, suka kunna fitilu. Aka buga ƙararrawa, motar kashe gobara ta fito a guje ta feso ruwa, iska ta mayar wa direban da rabinsa a fuska. Injiniya ya yi dariya, karon farko tun zuwansa.

"Madam Fang," ya ce da A-Chuan, "ni dai ban ga abin cewa ba. Gobe da safe a turo jirgi."

Ya shige mota ya rufo ƙofa, ya duƙufa a kan wayarsa, yana yi wa matarsa albishir. A-Chuan ta tsaya tana naɗe rigar ruwanta. Sai ta gan su.

Daga bayan dutse suka ɓullo, ƙasa-ƙasa saboda iska, suka ratsa bakin titin a dunƙule, suka yi kwana, suka sake ratsawa, sannan suka miƙe zuwa unguwarsu. Tattabarun Kawu ne, ta san su sarai, har da mai farin fiffiken da ta cije ta a yatsa.

Ba wanda ya gani sai ita. Injiniya bai ɗago kai ba. In ta shiga mota ta ja bakinta, gobe war haka A-Hun tana riƙe da hannun ubanta. Za ta iya kama su da yamma ta kulle, wa zai sani? Amma ta riga ta kulle su sau ɗaya, ga su nan a sama. Ta tuna jirgin, ɗan ƙarami mai farfela biyu, da yadda mutanen garin suke cika shi da kwalayen magani da jikoki. A-Hun ma a cikinsa za ta zauna. Ranta ya yi mata nauyi, ta ji ta tsani aikin nan, ta tsani idonta.

Ta ƙwanƙwasa gilashin motar.

"Injiniya, fito. Akwai abin da ba ka gani ba."

Ya saurare ta, fuskarsa ta faɗi. Ya ce to, sai an kawar da tsuntsayen, sannan su yi safiya uku suna tsaye a nan ba su ga ko ɗaya ba. Ƙa'ida ce, ita ma ta san ta.

Da ta isa gida ta tarar an fito da gadon Kawu babban ɗaki, gaban teburin da ake girmama kakanni a kai, an rufe gumakan da ke kansa da jan ƙyalle. Ta san abin da hakan yake nufi: haka ake yi wa wanda ajalinsa ya kusa. Inna Ko, matarsa, tana zaune da kwanon kunun shinkafa da ba a taɓa ba. A kan rufi kuwa sai gurnanin tattabaru, suna neman ƙofar ɗakinsu.

"An ce gobe jirgi zai zo," in ji Inna Ko.

"Ba zai zo ba, Inna. Tattabarun sun ratsa titi. Ni na faɗa."

"Ke kika faɗa? Wani ya tambaye ki?"

"Ba wanda ya tambaye ni."

Tsohuwar ta ajiye kwanon, ta juya mata baya. A-Chuan ta so a ce zaginta ta yi.

Kawu ya buɗe ido. "Duka suka dawo?"

"Duka, Kawu."

"A cikin iskar nan?" Wani abu kamar dariya ya taso masa, ya rikiɗe ya zama tari. "Wacce ta fara sauka?"

"Mai farin fiffike."

"Na sani. Uwarta ma haka take." Ya maida numfashi. "Ko ƙasar waje kika kai su sai sun dawo, A-Chuan. Abin da na koya musu ke nan. Ɗauko almakashi."

"Tsoho, kana hauka ne?" in ji Inna Ko. "Mutumin da ko gashi ɗaya ya faɗo sai ka hana mu barci?"

"Ke dai riƙe min kwando."

Haka suka wuni. A-Chuan tana hawa tana sauka, tana miƙo su ɗaya bayan ɗaya. Shi yake buɗe fiffiken a kan bargo, ya nuna mata da farce inda za ta yanke, don hannunsa ba ya iya matse almakashi. Kowacce sai ya kira sunanta ya yi mata tsiya: wannan malalaciya ce, wannan ɓarauniyar dawa. Da aka zo kan mai farin fiffike sai ya bar tsiyar. Ya daɗe yana shafa bayanta da babban yatsa, sannan ya kau da kai ya nuna wurin.

"Yanzu je ki gaya wa mutumin naki sama ta zama tasa," ya ce. "Ki ce ya yi sauri."

Safiya ta farko ita da Injiniya suka tsaya a bakin titi, sama fayau. Safiya ta biyu ma haka. Tana dawowa ta hango an manna farar takardar makoki a ƙofar gidan Kawu, maƙwabta sun fara kafa rumfa a lungu. Ta zauna a kan babur ɗinta, ta kasa sauka. Inna Ko ce ta fito ta same ta, idanunta a bushe.

"Ya tambayi ƙarfe nawa, na gaya masa, ya ce jirgi bai zo ba ko. Shi ke nan." Ta gyara wa A-Chuan wuyan riga, kamar ba ita ta juya mata baya ba. "Gobe ki je ki ƙarasa tsayuwarki. Kada a ce ya yanke musu fiffike a banza."

Ta je ta ƙarasa. Washegari jirgi ya sauka lafiya, ba ko ƙura. Mutane suka yi ta tafi a bayan shinge, Injiniya Tu ya yi mata godiya ya haye abinsa. Ita ta ɗauko A-Hun a babur har bakin lungu.

Nan A-Hun ta sauka, ta ajiye jaka, ta durƙusa. 'Yar da ba ta riski ubanta ba da rarrafe take shiga gida, haka ake yi. Ta fara jan gwiwa a kan siminti tana kira, "Baba, na dawo! Baba, ga ni na dawo!"

A-Chuan ta bi ta a baya da jakar. A tsakar gida tattabarun suna ƙasa, suna tsintar dawar da Inna Ko ta watsa musu. Kukan ya firgita su, suka buɗe guntayen fikafikansu suka kaɗa, ba wadda ta tashi. Sai suka dare gefe biyu da ƙafa, suka ba ta hanya.