Mai Tuƙi Ba Ya Ganin Gabansa

Shekara ashirin ina gaya wa iyalina cewa yawon kwale-kwale aikin marasa abin yi ne. Ruwa na sha ne da wanka da wanki. Wanda ya shiga jirgi ba kifi yake nema ba, ba kuma ƙetarewa zai yi ba, shashanci ne ya kai shi. Duk ranar da uwargidana ta ce, "Malam, ko sau ɗaya ka kai ni tafkin nan mu zaga," wannan hudubar nake karanta mata. A gidana magana ɗaya nake yi, kuma da ita nake cin girma.

Gyaran keken ɗinki ne sana'ata. Duk abin da na sani ni na koya wa kaina, shi ya sa ba na son a koya mini.

Wata Laraba na mayar wa wani tela kekensa a bayan tafkin. Da zan dawo na tsaya wajen hayar jirage, wai in ga shashancin da idona in samu abin ƙara wa huduba. Tsohon da ke kula da wurin ya ji ina tsaki, ya ce, "Malam, ba a kushe miya sai an ɗanɗana." Sai ga ni a ciki, filafili biyu a hannu.

"Juya," in ji shi. "Irin wannan jirgin, mai tuƙi baya yake ba inda za shi."

Na ce, "Baba, namiji ba ya juya wa gabansa baya."

"To Allah ya kiyaye hanya."

Rabin awa ina zagaye wuri ɗaya kamar kazar da aka yanka, daga ƙarshe na cusa hancin jirgin cikin ciyawa. Da na tabbata tsohon ya kau da kai, na juya. Ja ɗaya, jirgin ya miƙe sumul. Iska ta bugi ƙeyata, hayaniyar titi ta ɓace, na ji wani daɗi da ban da sunansa. Abin kunya, har waƙa na yi.

Daga nan kowace Laraba sai in rufe shago in ce na tafi neman kayan gyara. Ni da nake dukan tebur a kan ƙarya! Tsorona ɗaya, kada uwargida ta sani, don ranar da ta sani maganata ta zama ta kasuwa. Tafin hannuna ya yi kanta, na ce sukudireba ce. Gindin wandona ya jiƙe, na ce gumi ne. Ta dube ni kawai ta ce, "Sannu da aiki."

Matsala ɗaya ta ƙi ƙarewa: ba na ganin inda na nufa. Na bugi kututture, na bugi jirgin wasu amare. Laraba ta bakwai na zo da gudu na daki katakon da ake takawa a shiga jirgi, har hulata ta faɗa ruwa. Na waiwaya in ba tsohon haƙuri, sai na ga takalman da na sani.

"Malam," in ji uwargida, "an samu kayan gyaran?"

Na ce, "Ƙarya na yi miki. Ina son abin nan."

"Na sani tun ranar gumi. Gumi ba ya zuwa da gansakuka." Ta tattare zanenta. "Riƙe mini jirgin, Baba, kada wannan direban ya kifar da ni." Ta sauko, ta zauna tana fuskantata.

Tsohon ya tura mu yana dariya. "Yawwa! Yau ka samu idanu."

Na ja filafili, kaina ba hula.

"Hagu, Malam," in ji ta. "Akwai kututture."

Na so in ce na san hanya. Na tuna sau uku ina dukan wannan kututturen. Na bi hagu.